Mai Kula da Littattafan Lakkwal: Tsakanin Takarda da Na'ura

 

Hirarmu ta yau a kan wani ma'aikaci ce wanda ba a cika ambatonsa ba. Kowa ya san mushe mai koyarwa a aji. Kowa ya san darektan lakkwal. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya: wa ke riƙe da mabuɗin littattafan lakkwal? Wa ya koya masa aikin? Da wa yake shawara? Yanzu kuma da salula da kwamfuta suka shigo, yaya zai yi yara su amfana da su ba tare da sun yar da littafi ba? A kan waɗannan tambayoyi za mu tsaya yau. Ku gyara zama.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE KU

Ku da kuka koyi karatu da girmanku, kun san wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kun yi rani kuna zuwa aji, har kuka iya haɗa baƙaƙe, kuka iya rubuta sunanku. Damina ta faɗi, kowa ya tafi gona. Bayan kaka, wanda ya riƙa duba ƴar takarda ko da sau ɗaya a mako, ya komo da karatunsa. Wanda bai sami abin karantawa ba, sai ya tarar rabin baƙaƙen sun gudu. Karatu kamar hauya yake. In ana aiki da ita tana ƙyalli, in an jingine ta sai tsatsa.

To, haka abin yake ga ƴaƴanku. Mushe yana koya wa yaro yadda ake karatu. Amma yaro ba ya ƙwarewa sai ya karanta abubuwa da yawa, masu daɗi, daidai ƙarfinsa. Littafin aji guda ɗaya, wanda yara uku ko huɗu suke leƙawa tare, ba ya isa.

Akwai wani gwaji da ake kira PASEC, wanda aka yi wa ƴan lakkwal na ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci. A gwajin shekara ta 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019 an sami ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Mun yi murna da wannan ci gaba. Amma ku lissafa da kanku: in uku sun iya, saura nawa? Saura bakwai. Yara bakwai cikin goma sun yi shekara shida a kan benci, ba su iya karanta shafi su gane shi sosai ba. Cikinsu akwai ɗanka, akwai ɗiyarki.

WANE NE MAI KULA DA LITTATTAFAI?

A manyan makarantu na birni akan sami ɗaki guda na littattafai, wanda ake kira bibliyotek da Faransanci. A ƙauye kuwa, sau da yawa ɗakin littattafan sanduƙin ƙarfe ne a ofishin darekta. Wani wuri ma ajin kansa na zana ne, ba inda za a kafa kanta. Mai kula da sanduƙin kuma yawanci malami ne mai ajinsa, aka ƙara masa wannan aiki. An miƙa masa mabuɗi, an ce ya sa hannu a takarda, shi ke nan.

Mu da muka bi ta makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasi da yadda ake riƙe aji. Kula da littattafai kuwa sana'a ce dabam. Wanda bai koye ta ba, tsoro yake fara kama shi. Yana tsoron littafi ya ɓace a ce shi zai biya. Yana tsoron yara su yaga shi ko su ɓata shi da miya. Sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya kulle. Shekara ta zagayo, mai duba makarantu ya zo, aka ƙirga littattafai, suka cika cif. Amma ba yaron da ya karanta ko ɗaya. Wani lokaci ma in an buɗe, sai a tarar gara ta riga kowa karantawa. Wannan shi ne rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Kada ku yi saurin ganin laifin mutumin nan. An ba shi kaya ne ba a ba shi gammo ba. Ga shi kuma yanzu ana ƙara masa kaya na biyu. Wasu makarantu sun sami kwamfuta. Wasu sun sami allon lantarki, wanda ake kira tabulet. Malamai suna da salula a aljihu, manyan ƴan lakkwal ma wasunsu suna da ita. Wasu mutane suna cewa zamanin takarda ya wuce. Wasu suna cewa na'ura ɓata yara take yi, a hana ta shiga lakkwal. Mai kula da littattafai yana tsakiya, kowa yana jansa.

NA'URA BA BAƘUWA BA CE A ƘASARMU

Kafin mu yanke hukunci, mu waiwaya baya. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara gwada koyarwa da na'ura a Afirka.

A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren radiyo, waɗanda ake kira radiyo-kulob. Mutanen gari su taru su saurari shiri. In an gama, sai jagoran kulob ya buɗe mahawara, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a ɗauki muryoyin mutane a kai gidan radiyo. Akwatin radiyo yana kawo magana. Amma jagoran nan shi ne yake sa maganar ta zauna a zukatan mutane.

A 1964 kuma aka soma koyar da yara ta talabijin, da taimakon Faransa. An fara a Yamai, aka faɗaɗa zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Ana nuna gajeren darasi a akwati, sa'an nan a kashe shi. Daga nan mai kula da ajin ya tashi, ya yi wa yara tambayoyi, ya sa su maimaita, ya sa su rubuta. Shirin ya yi suna har ƙasashen waje suna zuwa kallo. Amma yana da tsada, bai kai ga yawancin yaran ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya.

Darasi biyu muka samu a nan. Na farko, na'ura ba ta aiki sai da mutum a gefenta, wanda aka horar. Na biyu, na'ura tana da ciki, kullum sai an ciyar da ita: wuta, gyara, kayan canji. Ranar da kuɗin ciyarwa suka ƙare, ranar take yin shiru. Lissafin Bankin Duniya na 2022 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Littafi ba ya neman caji.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI

Matambayi ba ya ɓata. Bari mu leƙa ƙasashe uku masu nisa, mu ga yadda suka ƙare da wannan magana.

Ta farko ita ce Peru, a kudancin nahiyar Amurka. Gwamnatinta ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa ƴan firamare, musamman na ƙauyuka. A 2012 aka fitar da sakamakon bincike a kan makarantun karkara fiye da 300. An ga yaran sun iya sarrafa kwamfuta. Amma a jarrabawar karatu da ta lissafi, ba su fi yaran da ba a ba kwamfuta ba.

Ta biyu ita ce Suwidin, a arewacin Turai, ƙasa mai arziki wadda ta cika azuzuwanta da allunan lantarki. A wani gwajin karatu na ƙasashen duniya, makin yaranta ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. A 2023 ministar makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, ta ce a komo ga littafin takarda, gwamnati ta ware kuɗi masu yawa don sayen littattafai. Ba su tsaya nan ba. Sun yi doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2025, cewa ɗan makaranta yana da haƙƙin samun ɗakin littattafai mai ma'aikaci a ciki. Ba su zubar da na'urorinsu ba. Sun dai gane cewa ɗaki da kaya ba su isa ba, sai da mutumin da ya san aikin.

Ta uku ita ce Fiji, tsibirai ne a tsakiyar teku. Labarinta ya fi kama da namu, don yaran can suna magana da harshensu a gida, a makaranta kuma ana koya musu da Ingilishi, kamar yadda namu suke fama da Faransanci. A 1980 wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka kai wa makarantun ƙauye takwas littattafan labarai masu hotuna, wajen 250 kowane aji. Aka ware ɗan lokaci kowace rana don karanta su. Wasu malaman an yi musu horo na kwana uku kan yadda za su karanta labari tare da yara. Bayan wata takwas, yaran nan sun ci gaba a karatu ninki biyu na yadda aka saba gani.

Ku lura da abin da ya yi aiki a Fiji: littattafai masu daɗi, lokaci na kullum, da malamin da aka nuna wa hanya. Horon kwana uku ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

ABUBUWAN DA MAI KULA DA LITTATTAFAI ZAI KOYA

Na ɗaya, ya san kayansa. Ya ƙirga littattafai, ya ba kowane lamba, ya rubuta su a babban kaye. Ba ƙirga kawai ba, ya karanta su. Mai kanti da bai san abin da ke kantinsa ba, ba ya ciniki. In yarinya ta ce tana son labarin dabbobi, hannunsa ya tafi kai tsaye.

Na biyu, ya iya jera su. Manyan ɗakunan littattafai na duniya da yawa suna bin tsarin wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey, wanda ya fito da shi a 1876. Ya raba ilimi gida goma, kowane gida da lambarsa. Misali, gidan 400 na harsuna ne, gidan 600 ya ƙunshi kiwon lafiya da noma da sana'o'i, gidan 900 na tarihi da labarin ƙasa ne. Ɗakin littattafan lise yana buƙatar wannan tsari. Sanduƙin ƙauye kuwa launi ya ishe shi. A liƙa kore a bayan littattafai masu sauƙi, rawaya ga matsakaita, ja ga masu wuya. Ko yaron da bai iya karatu ba ya san launi, zai iya mai da littafi wurinsa.

Na uku, ya iya ba da aro. Kaye guda, shafi a raba shi gida huɗu: sunan yaro, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Manyan ƴan lakkwal biyu suna iya riƙe wannan kaye, su koyi amana tun suna ƙanana. Kuma ya sa a ransa cewa littafin da ake karantawa dole ya tsufa. Littafin da ya yi shekara biyar fes, ba ko lanƙwasa, wannan ba abin yabo ba ne.

Na huɗu, ya iya kariya da gyara. A ɗora sanduƙi a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda gara da danshin damina. A riƙa buɗe shi ana kakkaɓe ƙurar hunturu. A sa wa littafi riga da takardar buhun siminti mai tsabta. Shafin da ya ɓalle a ɗinke shi da zare da allura tun bai ɓace ba.

Na biyar, ya iya karanta labari da babbar murya. Wannan ya fi sauran duka. Ya ɗaga littafi yara su ga hoto. Ya canza murya, ta kura dabam, ta gizo dabam. Ya tsaya a tsakiya ya ce: me kuke tsammani zai faru? In ya kai wuri mai daɗi ya rufe, ya ce wanda yake son ƙarshen labari ga littafi nan. Kakanninmu mata sun san wannan dabara tun tuni a wajen tatsuniya.

Na shida, ya san na'ura daidai gwargwado: yadda ake kunna ta, yadda ake cajinta da hasken rana, yadda ake sauke littafi a ajiye, da yadda ake gane labarin ƙarya.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

To, ina zai koyi duk wannan? Akwai makarantar koyon wannan sana'a a jami'ar Dakar ta ƙasar Sanagal, ana kiranta EBAD, tun 1967 take horar da ƴan Afirka. Akwai ƙungiyar masu kula da ɗakunan littattafan makarantu ta duniya, wadda aka kafa a 1971. Akwai ta ɗakunan littattafan Afirka, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana Akara ta ƙasar Gana. Wannan ya nuna muku aikin sana'a ce mai daraja, mai makaranta, mai ƙungiya. Amma Dakar da nisa. Malamin ƙauye ba zai bar ajinsa ya tafi can ba. Makarantarsa ta kusa ita ce ƴan'uwansa masu irin aikinsa.

Malamanmu suna da wani taro da suke kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna suke haɗuwa su ƙara wa juna sani. A irin wannan taro, a ware awa guda don masu riƙe da littattafai. Kowa ya zo da kayensa na aro. Wannan ya ce: ni yara talatin suka ɗauki littafi a wannan wata. Wancan ya ce: ni biyar kawai, yaya kake yi? Ɗaya ya nuna yadda yake ɗinkin littafi. Wata malama ta karanta labari a gabansu kamar yara ne, su gaya mata inda ta yi kyau da inda ta yi sauri. Saurayin da ya fito makarantar horo kwanan nan ya iya salula, sai ya koya wa dattijo. Dattijo ya san labaran da ke kama hankalin yara, sai ya koya wa saurayi. Kowa malami, kowa ɗalibi.

Abu na biyu da haɗin kai yake kawowa shi ne musayar littattafai. Ku ɗauki alli mu yi lissafi tare. A ce makarantu huɗu ne kusa da juna, kowace tana da littattafai 50, ba iri ɗaya ba. In kowace ta riƙe nata, yaro zai ga 50 kawai, shekara da shekaru. Amma in suka shirya, kowane wata biyu sanduƙi ya tashi zuwa makaranta ta gaba, a kan amalanke ko babur ranar kasuwa, to daga Oktoba zuwa Mayu sanduƙi huɗu za su ratsa kowace makaranta. Huɗu sau 50, nawa ke nan? 200. Ba a kashe ko dala wajen sayen sabon littafi ba, amma kowane yaro ya sami 200. Sharaɗi guda ne: kowane sanduƙi ya yi tafiya da takardar lissafinsa, mai bayarwa da mai karɓa su ƙirga tare, su sa hannu.

Abu na uku, salular nan da ake kuka da ita tana iya zama igiyar da ta ɗaure su. Masu kula da littattafai na yanki guda su buɗe zaure a WhatsApp. Wanda ya sami sabon labari ya tura wa saura. Wanda na'urarsa ta ƙi tashi ya tambaya. Sai dai su yi wa zauren doka, maganar aiki kawai, in ba haka ba gaisuwa da hotunan biki za su binne abin da ya tara su.

Haɗin kan bai tsaya tsakaninsu ba. Mai kula da littattafai ya tambayi malamin aji: me kake koyarwa wannan mako? In darasin zazzaɓin cizon sauro ne, ya fito da duk abin da yake da shi a kan sauro. In garin yana da ɗakin karatu na jama'a, ya je ya gaisa da mai riƙe da shi. Mu ma malaman yaƙi da jahilci ya neme mu, don muna da ƙananan littattafai cikin harsunan ƙasa, kuma muna da ku.

KOWA DA RANARSA

Yanzu mu komo kan tambayar da muka fara da ita. Takarda ko na'ura? Manomi ba ya tambaya ko hauya ko lauje. Kowane da lokacinsa. Ga yadda muke ganin rabon.

Ƙananan yara masu koyon baƙaƙe, a ba su takarda. Su riƙe, su juya shafi, su bi layi da yatsa, su kai gida su nuna wa uwa. Littafi ba ya ƙara, ba ya kawo saƙo a tsakiyar karatu, ba wani wasa a ɓoye a bayansa. Dogon karatu mai neman natsuwa ma, ko ga manya, takarda ta fi.

Na'ura kuma a ba ta aikin da ta fi iyawa. Tana kawo abin da ke nesa. Akwai wani shiri da aka soma a Afirka ta Kudu mai suna African Storybook, wanda ya tara labaran yara masu hotuna cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Kyauta ne, an yarda kowa ya sauke, ya buga, ya fassara. Mai kula da littattafai in ya shiga birni ya sauke labari goma, ya buga su a takarda, ya ɗinke, ya sa a sanduƙi. Kun ga na'ura ta haifi littafi. Akwai kuma wata manhaja mai suna Kiwix, wadda take ajiye kundin sani na Wikipedia a cikin na'ura, a duba shi ko babu intanet. Wannan zai amfani ƴan kwaleji da ƴan lise masu bincike.

Na'ura tana kuma iya ajiye abin da ke kusa. Littattafai cikin harsunanmu ba su da yawa, alhali yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya sha a nono. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma harshe ba ya zama na karatu sai da abin karantawa. Mai kula da littattafai ya ɗauki salula ya je wurin tsohuwa mai tatsuniya, ko dattijon da ya san tarihin kafuwar gari, ko maƙeri. Ya nemi izininsu, ya ɗauki muryarsu. Manyan ƴan lakkwal su saurara su rubuta, masu iya zane su yi hotuna. Ga sabon littafi, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, wanda babu shi a kowace kasuwa.

Sai aiki na ƙarshe, mai nauyi. Duk abin da ke yawo a salula ba gaskiya ba ne. Kun sha jin saƙon murya yana cewa ga maganin kowace cuta, ko ga abin da ya faru a gari kaza, daga baya a tarar ƙarya ce. Mai kula da littattafai ya koya wa yara tambayoyi uku kafin su yarda ko su tura: wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? A ina kuma za mu duba mu tabbatar? Yaron da ya saba karatu a natse shi ne yake iya yin waɗannan tambayoyi. Don haka karatu ne gaba, na'ura tana biye.

NAKU AIKIN

Jama'a, kada ku ce wannan maganar malamai ce. Da yawa cikinku kuna cikin kwamitin kula da makaranta, ko ƙungiyar iyayen yara, ko ta iyaye mata. Ga abin da muke roƙonku.

A taro na gaba, ku tambaya cikin ladabi: littattafai nawa lakkwal ɗinmu take da su? Wa ke riƙe da su? Wace rana ake buɗewa? Ku ce a nuna muku kayen aro. Yanzu kun iya karatu, ku duba da idonku.

Ku cire wa mai kula da littattafai tsoro. Kwamiti ya yanke shawara a rubuce cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba bashi ba ne a kansa. In yaro ya ɓatar, a zauna da iyayensa a sasanta.

In an kira shi taro ko horo, ku taimaka masa da kuɗin mota, darekta kuma ya sami mai riƙe masa aji. In wani mai taimako ya ce zai kawo wa lakkwal na'urori, ku yi godiya, sa'an nan ku tambaya: wa za a horar? In ta lalace wa zai gyara? Da me za a yi caji? Littattafai fa, suna cikin kayan?

In ɗiyarki ta zo gida da littafi, ki sama masa wuri nesa da ruwa da awaki, ki rage mata aiki na ɗan lokaci ta karanta. In ɗanka ya zo da shi, ka ce ya karanta maka shafi guda bayan cin tuwo, kai ma ka karanta masa guda. Gemu ba ya hana ilimi. Yaron da ya ga ubansa yana fama da baƙaƙe ba ya raina karatu.

Watan Oktoba shi ne watan ɗakunan littattafan makarantu a duniya, kuma ya yi daidai da komawar yaranmu lakkwal. Ranar 23 ga Afrilu kuma ita ce ranar littafi ta duniya. Ku zaɓi ɗaya cikin biyun, ku sa a fito da sanduƙi gindin itace, a shimfiɗa tabarmi, gari ya taru, yara da manya su yi karatu a bainar jama'a.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A AJI

1. A lakkwal ɗin garinku akwai littattafan karatu ban da na aji? Wa ke riƙe da su?
2. Waɗanne makarantu ne kusa da ku da za ku iya musayar sanduƙi da su?
3. In makarantu 5 ne, kowace da littattafai 40, littattafai nawa yaro zai gani in an yi musaya?
4. Wane dattijo ko wace tsohuwa a garinku ya kamata a rubuta abin da suka sani?
5. A gidanku, wane lokaci ne na salula, wane lokaci ne na littafi?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da malaminku. Wanda hannunsa ya faɗa a rubutu ya rubuta amsoshin ajinku, ku aiko mana ta hannun malamin, za mu karanta su a shiri.

A nan za mu dasa aya.